Gobarar kasuwanni da gidaje: wa ke duba wayar da ke bayan kwanter?

Duk lokacin da kasuwa ko gida ya ƙone a Yamai, Maraɗi, Damagaram ko Tawa, bayanin farko da ake ji kusan ɗaya ne: wuta ce ta haɗu, abin da rahotannin Faransanci ke kira « court-circuit ». Daga nan hukumomi su kai ziyarar jaje, a yi alkawarin bincike, ƴan kasuwa su share toka su sake kafa rumfuna, sannan a sake jan waya yadda take a da. Kalmar ta zama kamar sunan wata ƙaddara da ke saukowa daga sama. Alhali kuwa waya ba ta kama wuta haka siddan. Akwai wanda ya saye ta, akwai wanda ya ja ta, akwai wanda ya ɗora mata kayan da suka fi ƙarfinta, akwai kuma wanda ya kamata ya duba ta.

Tarihi ya isa shaida. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone ƙurmus a 1982, sai a 1987 aka sake buɗe ta, kuma a watan Mayun 2009 wuta ta sake cin wani babban sashe nata. A 2012 ƙaramar kasuwar birnin, wato Petit Marché, ita ma ta ƙone. Ba kowace gobara ce lantarki ke haddasawa ba: akwai garwashi, akwai gas, akwai fetur da ake sayarwa a kwalabe, akwai guntun taba. Amma a duk kasuwar da aka shiga a yau, ɗaga kai kawai ya isa mutum ya ga wayoyi sun sarƙe kamar saƙar gizo-gizo a ƙarƙashin kwano, sun bi ta kan yadudduka da katifu da robobi. Ga ƙaramin ɗan kasuwa da ba shi da inshora, dare ɗaya na iya cinye jarin shekara ashirin, har da kayan bashin da ya ɗauko daga wurin uban gidansa.

Inda alhakin kamfani ya tsaya

A tsarin da Nijar ta gada daga Faransa, kamfanin wuta na da alhakin layi tun daga tasha har zuwa kwanter da dijonkter ɗin da ke gefensa. Abin da ke bayan nan, daga allon rarraba wuta zuwa piriz na ƙarshe a ɗakin kwana, na mai gida ne ko mai shago. NIGELEC, wanda aka kafa a 1968, shi ake zagi duk sa'ad da aka ɗauke kuran, kuma sau da yawa da hujja. Sai dai wayar da ke cin wuta cikin dare galibi ba tasa ba ce.

Mutane da dama sun ɗauka dijonkter ɗin kamfani yana kare gidan baki ɗaya. Aikinsa na farko shi ne ya tsayar da mai gida a kan ƙarfin da ya yi rajista, misali kilowat 3 ko 6, ya kuma yanke wuta idan babbar matsala ta auku. Bai san kaurin wayar da aka ja zuwa ɗakin baya ba. Siririyar waya na iya yin zafi har robarta ta narke, shi kuwa yana nan bai motsa ba, domin jimillar wutar da ke wucewa ba ta kai iyakarsa ba. Shi ya sa ƙa'idar aikin lantarki ta tanadi cewa kowane layi na cikin gida ya samu nasa ƙaramin dijonkter daidai da kaurin wayarsa. A gidajen haya da rumfunan kasuwa da yawa babu wannan allo sam. Wani wurin ma, idan dijonkter ya dami mutane da faɗuwa, sai a kira yaro ya tsallake shi da guntun waya, a ce an gyara.

Abin da ke faruwa cikin waya

Ƙa'idar da ake koyarwa a makarantun fasaha na ƙasashen da ke amfani da Faransanci ita ce NF C 15-100. Ginshiƙanta ba su da wuyar riƙewa. Wayar fitilu tana da kaurin milimita murabba'i 1,5, kuma dijonkter ɗinta ba ya wuce amfiya 16. Wayar piriz mai 2,5 ba ta wuce amfiya 20. Murhun lantarki yana buƙatar waya mai 6. Manyan kaya irin su kilim da na'urar dafa ruwa kowannensu da layinsa daban.

A ɗauki misalin gidan da aka ja wa waya mai 1,5 shekara goma sha biyar da suka wuce, lokacin da ba a da komai sai ƙwan fitila huɗu da fanka da rediyo. A kan wuta mai bolt 220, iyakar abin da wannan waya ke ɗauka bai wuce wat 3.500 ba. Yau an ƙara kilim mai cin kusan wat 1.300, ana guga da dutse mai wat 1.200, an tsoma abin dafa ruwa mai wat 1.500 a bokiti. Jimilla wat 4.000, ba a ma lissafa firigo da talabijin ba. Kuma zafin waya ba ya tafiya daidai da yawan wutar da ke bi ta cikinta: idan wutar ta ninka sau biyu, zafin sau huɗu yake ninkawa.

Akwai wani abu da ya shafi Sahel musamman. Alƙaluman da ke cikin littattafan ƙa'ida an lissafa su ne a kan yanayi mai zafin digiri 30. Robar PVC da ke lulluɓe da yawancin wayoyi ba ta son zafin da ya wuce digiri 70. Idan iskar da ke kewaye da waya ta kai digiri 45, ƙa'idar da kanta ta ce a rage abin da ake ɗora mata zuwa kashi 79 cikin ɗari, a digiri 50 kuma zuwa kashi 71. Duk wanda ya taɓa shiga rumfar kwano da azahar a watan Afrilu ko Mayu ya san zafin da ke tsakanin silin da rufi. Wato a daidai lokacin da kowa ya kunna fanka da kilim da firiza, a lokacin ne waya ta fi rauni. Robar da ta sha irin wannan zafi shekara da shekaru takan bushe ta tsattsage, ɓera ya ƙarasa sauran.

Wuri na biyu da wuta ke tashi shi ne mahaɗa. Wayoyi biyu da aka murɗe da hannu aka naɗe da sikoc, ko piriz ɗin da ya saki, suna yin zafi a hankali kuma babu dijonkter ɗin da zai ji su. A garuruwan kan iyaka matsalar ta ƙara wani salo: kayan da ake shigowa da su daga Najeriya na zuwa da filogi mai ƙafa uku masu kusurwa irin na Ingila, piriz ɗin Nijar kuwa mai rami zagayayye ne irin na Faransa. Sai a sa adafta mai arha, ko a yanke filogin a cusa tsiraicin waya a rami a tokare da tsinken ashana. Baƙin tabon da ake gani a bakin piriz, da warin roba da ke tashi wani lokaci, sanarwa ce ta farko.

Jan ƙarfe ko fenti

Ko da ma'aikaci ya san aikinsa, sai ya samu kayan kirki. Kasuwannin yankin cike suke da waya iri biyu masu yaudara. Ta farko an rubuta 2,5 a jikinta amma ƙarfen ciki bai kai ba, an cika kaurin da roba. Ta biyu alminiyom ce da aka shafa wa jan ƙarfe a sama. Alminiyom ba ya iya ɗaukar yawan wutar da jan ƙarfe mai kauri ɗaya ke ɗauka, yana karyewa da wuri, yana kuma saki a wurin ɗauri.

Gane ta ba ya buƙatar ɗakin gwaji. Idan aka kankare bakin wayar da wuƙa aka ga fari a ciki, alminiyom ce. Sikeli ma na faɗin gaskiya: a naɗin mita 100 na waya mai 2,5, jan ƙarfen kaɗai ya haura kilo 2, ban da nauyin roba, alhali alminiyom mai wannan kauri bai kai kilo ɗaya ba. Naɗin da aka ɗaga aka ji shi sakayau, akwai magana.

Dalilin da ya sa irin wannan waya ke tafiya a bayyane yake. Jan ƙarfe na da tsada a kasuwar duniya, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya da yawa ke zagayowa ta Lome da Burkina Faso, abin da ya ƙara kuɗin sufuri. Mai gini da kuɗinsa suka ƙare a siminti da ƙarfe, idan ya zo kan wuta sai ya nemi mafi arha. Sau da yawa ma ba shi ke saye ba: ya ba ma'aikaci kuɗin kaya da na aiki a dunƙule, ribar ma'aikacin kuwa tana cikin abin da ya rage. Araha dai ba ta ado, kuma wayar da aka binne a bango ba a sake ganinta sai ranar da ta yi hayaƙi.

Gida ɗaya, wuta uku

Kafin juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da NIGELEC ke rabawa daga Najeriya take zuwa, ta layin Birnin Kebbi zuwa Yamai da kuma layin Katsina zuwa Gazawa mai ciyar da Maraɗi da Damagaram. A farkon Agustan 2023 Najeriya ta yanke wutar a ƙarƙashin takunkumin CEDEAO, ba ta dawo ba sai bayan ɗage takunkumin a watan Fabrairun 2024. Tashar hasken rana ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a ƙarshen 2023, ta rage wa Yamai raɗaɗi, amma mutane sun riga sun ɗauki darasi: duk mai hali ya nemi gurup, ko faifan sola da batir.

Ta fuskar dogaro da kai wannan ci gaba ne. Ta fuskar tsaro kuwa, gidan da aka ja wa waya domin wuta guda yanzu yana karɓar uku, kuma kowacce da haɗarinta.

Gurup ɗin da aka jona kai tsaye a piriz, ba tare da makunnin sauya layi ba, yana tura wuta baya zuwa layin unguwa. Ma'aikacin kamfani da ya hau turke yana zaton layin a mace yake na iya rasa ransa, kuma idan kuran ya dawo wutar biyu su yi karo. Gurup ɗin da aka kunna a cikin shago ko zaure a rufe yana fitar da iskar da ba ta da wari ba ta da launi, mai kashe mutum cikin barci. Ga kuma jarkar fetur da ake ajiyewa kusa da shi.

Sola ma ana mata kallon wuta marar haɗari saboda batirin bolt 12 ba ya jan mutum. Amma na'urar juya wuta mai wat 1.000 tana zuƙar fiye da amfiya 80 daga irin wannan batir, ninki biyar na abin da wayar fitilu ke iya ɗauka. Tana buƙatar waya mai kauri sosai da fis a kusa da kan batir, abin da ba kasafai ake gani ba a haɗin da ake yi a gaggauce. Wutar da faifan sola ke bayarwa, idan ta yi tartsatsi a mahaɗar da ta saki, ba ta mutuwa da sauƙi kamar ta kamfani. Batir mai ruwa kuma yana fitar da iska mai kamawa da wuta yayin caji, don haka ɗakin kwana ba wurinsa ba ne.

Ɗaukewar wutar kanta na da nata rabo. Idan aka ɗauke kuran da yamma, ɗan kasuwa ya rufe shago ya tafi bai kashe komai ba, tela ya bar dutsen guga a jone. Wuta ta dawo da tsakar dare, babu kowa sai mai gadi a bakin ƙofa. Idan kuma ƙarfin wutar ya yi ƙasa, injin firiza da na kilim na iya kasa tashi, su tsaya suna zuƙar wuta suna zafi.

Doka na nan, dubawa fa?

Nijar ba ta rasa dokoki da hukumomi ba. Akwai dokar lantarki ta 2016, akwai hukumar ARSE mai sa ido kan fannin makamashi, akwai hukumar ANMC mai kula da ingancin kaya da ma'auni, akwai kuma sashen da aka ɗora wa duba wayoyin cikin gini. Tsarin ya yi kama da na Consuel a Faransa, inda tun 1972 ba a jona wa sabon gini wuta sai da takardar shaidar cewa aikin ya bi ƙa'ida. Kodebuwa na da SECUREL, Benin na da CONTRELEC, Senegal na da COSSUEL.

Raunin irin wannan tsari a ko'ina shi ne hoton rana ɗaya yake ɗauka. Ana duba gini ranar da za a sa masa kwanter, lokacin da yake da fitila da piriz kaɗan. Bayan nan a ƙara ɗakuna, a mayar da zaure shago, a ja wa maƙwabci layi ta kan katanga ana raba kuɗin wata, kwanter ɗaya ya koma yana ciyar da rumfa goma. Duk wannan na faruwa ne bayan mai dubawa ya tafi. Senegal ta ɗanɗana kuɗar hakan a watan Mayun 2022, lokacin da jarirai 11 suka mutu a gobarar asibitin Tivaouane, wadda hukumomi suka danganta da haɗuwar wuta. Ministan lafiya ya rasa kujerarsa, amma hakan bai dawo da ko ɗaya daga cikinsu ba.

Batun na da gaggawa saboda abin da ke tafe. A yanzu kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki a Nijar, kuma manufar ƙasa ita ce a kai kashi 80 cikin ɗari nan da 2035. Shirye-shirye irin su Haské da Bankin Duniya ya tallafa wa, da madatsar Kandaji da ake jira, duk suna nufin dubban ɗaruruwan sababbin gidaje ne za su samu wuta. Ana ƙidaya nasara da yawan kwanter da aka kafa. Yawan gidajen da wayarsu ta cika ƙa'ida ba ya cikin alƙaluman da ake shela.

Masu cewa tsaurara doka zai cutar da talaka suna da hujja. Idan takardar shaida ta yi tsada, ko ta zama wata sabuwar ƙofar cin hanci, mutane za su guje ta su koma jan wuta daga maƙwabta, haɗarin ya ƙaru maimakon ya ragu. Amsar ita ce a bambanta. Gidan ɗaki biyu ba ya buƙatar abin da otel ke buƙata. Abin da ba za a sassauta a kansa ba kaɗan ne: waya ta gaskiya, ƙaramin dijonkter ga kowane layi, wayar ƙasa, da na'urar diferansiyel mai miliamfiya 30, wadda ke yanke wuta cikin ƙiftawar ido idan ta fara bi ta jikin mutum. Wannan na'ura ta fi muhimmanci a ƙasa mai rairayi da bushewa, inda sandar da ake kafawa a ƙasa ba ta aiki sosai da rani, da kuma lokacin damina da bangon laka ke jiƙewa, ƙofar ƙarfe ta fara jan yara. Kuɗinta bai kai na wayar salula mai matsakaicin daraja ba.

Inda ya kamata a fara

Wuraren taruwar jama'a su ne na farko: kasuwanni, asibitoci da gidajen haihuwa, makarantun kwana, tashoshin mota, manyan masallatai. Kasuwanni na ƙarƙashin ma'aikatun magajin gari ko kamfanonin da aka damƙa wa kula da su, kuma ana karɓar kuɗin rumfa. Ware wani kaso na wannan kuɗi domin duba wayoyi sau ɗaya a shekara, kafin shigowar zafi, abu ne da hukumar gari za ta iya yanke shawararsa ba tare da jiran Yamai ba. Haka nan raba kasuwa layi-layi, kowane layi da makunninsa da ake kashewa bayan an tashi, a ware wa masu firiza nasu layin na dabam. Hanyoyin da aka toshe da tebura su ma sai an buɗe su, domin motar sojojin kashe gobara, ko an kira lamba 18 ta iso da wuri, ba ta da amfani idan ba ta samu wurin shiga ko famfon ɗiban ruwa ba.

Na biyu shi ne bakin iyaka da shagunan kayan gini. Jami'an duwan da na hukumar ingancin kaya ba sa buƙatar manyan na'urori kafin su auna kaurin waya da nauyinta. Kama kwantena ɗaya a bayyana sunan hajar ya fi wa'azin shekara tasiri a wurin masu shigo da kaya.

Na uku ma'aikata ne. Akwai masu takardar shaida daga makarantar fasaha ta Ɗan Kasawa a Maraɗi, da Issa Béri a Yamai, da cibiyoyin koyon sana'a na da'irori. Amma yawancin masu jan waya a unguwanni a hannun maigida suka koya, wasunsu kuma ƙwararru ne na gaske. Korar su ba za ta yiwu ba, kuma ba ta da amfani. Gajeren horo ta hannun asusun FAFPA da majalisar masu sana'ar hannu, da katin shaida da mai gida zai iya tambaya, zai ba ma'aikacin kirki abin da zai kare kansa da shi ranar da mai aiki ya matsa masa ya sa waya mai arha.

Na huɗu, sakamakon bincike. Bayan kowace babbar gobara ana sanar da buɗe bincike, amma jama'a ba kasafai suke jin ƙarshensa ba. Da za a riƙa bayyana cewa wutar daga layi kaza ta tashi, saboda waya iri kaza ko firiza da aka bari a jone, da ƴan kasuwar sauran garuruwa sun san abin da za su je su duba a nasu rumfunan. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ka shafa wa naka ruwa, amma sai ka san ta ina wutar ta kama shi.

Kafin hukumomi su motsa, akwai abin da ke hannun kowane mai gida da mai shago. Ya taɓa piriz da filogi bayan sun yi awa ɗaya suna aiki, wanda ya ji da zafi a canza shi. Kada a jona ralonj a kan ralonj, kada a sa kilim ko abin dafa ruwa a kansa. Idan dijonkter na yawan faɗuwa a nemi dalili maimakon a ɗaure shi. Idan an ɗauke wuta a kashe komai kafin a fita. Wutar da ta tashi daga waya kuma ba a zuba mata ruwa sai an yanke kuran daga kwanter.

Malamai kan tunatar cewa yarda da ƙaddara ba ta hana riƙo da sababi. A wannan fanni sababin a bayyane yake, kuma da yawansa bai fi ƙarfin aljihu ba. Zafi na dawowa kowace shekara a lokacinsa, kayan wuta na ƙaruwa a gidaje da rumfuna, wayar da ke cikin bango kuwa ita ce dai ta jiya.